Baƙuwar Lamba a Gilashin Hajiya

Ni ce na riƙe masa gilashin ranar da ya sa shi, don haka in ana maganar Malam Lawan direba a layinmu na Unguwar Sarki, ba na sauraron kowa. Sunana Laraba, wasu kan ce mini Maman Grace, da sunan babbar 'yata. Shekara goma sha tara na yi ina girki a gidan Hajiya Harira, kuma da na zo na tarar ya riga ni da shekara takwas. Yau masu gadin layin suna kiransa Lawan Gilashi suna dariya, alhali wasunsu ko ganinsa ba su taɓa yi ba.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Malumfashi. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi karen mota a tashar Kawo, ya sha zagi da ranƙwashi har ya iya tuƙi, aka ba shi bas yana jigilar ma'aikata zuwa cikin gari. A cikin bas ɗin marigayi Alhaji Ja'afaru, mijin Hajiya, ya gan shi wata rana da tasa motar ta lalace. Alhaji ya sha ba da labarin. Ya ce tun daga Kawo har ya sauka bai ji direban nan ya danna hon ko sau ɗaya ba, bai kuma zagi ɗan acaɓa ba, kuma irin mutumin da yake nema ke nan. Da na tambayi Malam Lawan daga baya, cewa ya yi hon ɗin bas ɗin ne ya mutu. Iyakar barkwancinsa da na sani ke nan, shi ma ban tabbata barkwanci ba ne.

Ba zan yi ƙarya in ce mutum ne mai daɗin zama ba. In na je cefane ba ya barina in ɗora ko ledar attaruhu a kan kujera, sai a but ɗin motar, a kan buhun da ya shimfiɗa. Ba ya karyawa sai ya wanke mota, ko da kokon zai daskare a kwano. Mun yi faɗa ya fi a ƙirga. Amma akwai halinsa guda da kowa ya sani a gidan, ko kuwa in ce ni kaɗai na sani: in ƙaramin abu ya lalace a mota, ba ya faɗa. Zai nemo shi, ya gyara da hannunsa, ya yi shiru. In na ce ya gaya wa masu gida, sai ya ce damun manya da ƙaramin abu rashin tarbiyya ne. Mutum mai mata da 'ya'ya biyar a ɗaki biyu na haya a Kawo, shi ne yake tausayin aljihun Alhaji. Na sha ce masa wannan ba kirki ba ne, wauta ce, ya yi kamar da bango nake.

Shi ne ma ya kawo shawarar zana lamba. Akwai shekarar da ɓarayi suka addabi mutane da cire madubi da fitilun motoci, sai ya ce wa Alhaji a kira mai zane. Mutumin ya zo da ɗan injinsa mai ƙara kamar sauro, ya bi kowane gilashi da madubi da fitila na Marsandin Alhaji, ya zana lambar motar a kusurwa, ƙanana, yadda in ɓarawo ya cire ba zai iya sayarwa ba. Malam Lawan ya tsaya a kansa har ya gama, yana bin kowace lamba da yatsa yana dubawa.

Alhaji ya rasu ya bar Marsandin. Hajiya ta ce ba ta shiga wata mota sai ita. Ɗansu Mansur, wanda Malam Lawan ya yi ta kaiwa makaranta tun yana firamare, ya zama babban ma'aikaci a Abuja, yana zuwa ƙarshen wata ya kwana biyu ya koma.

Mantuwa ta fara kama Hajiya a hankali. Da farko sunayen jikoki ne. Sai ta fara tambayata ko Alhaji ya dawo daga masallaci, shekara shida bayan an binne shi. Wata rana a hanyar Malali ta buɗe ƙofa mota tana tafiya, ta ce ta iso gidan iyayenta. Daga ranar Malam Lawan ya sa makullin nan na yara a ƙofofin baya, wanda ba a iya buɗewa ta ciki. Hajiya kuwa ta san abin da ke samunta, a lokutan da kanta ya washe. Ta kira mu mu biyu falo wata safiya, ta ce, "Lawan, Laraba, na san Mansur so yake ya kai ni Abuja ya rufe gidan nan. In ya gane halin da nake ciki, shi ke nan. Ku rufa mini asiri. A ɗakin nan nake so in mutu." Ta yi kuka, ni ma na yi. Malam Lawan ya sunkuyar da kai ya ce, "In Allah ya yarda, Hajiya." In Mansur ya zo sai ta tattaro duk ƙarfinta ta yi kwana biyun nan lafiya lau, inda ta yi tuntuɓe mu tare mata.

Wata Alhamis da rana na ji shigowar mota, na leƙo ta tagar kicin, na ga ƙofar baya ta dama babu gilashi. Hajiya na zaune a jikin ƙofar, ɓaraguzan gilashi cike da cinyarta kamar an zuba mata gishiri, tana kallon gaba abinta. Na fito da gudu na kakkaɓe ta na shigar da ita. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Malam Lawan ya same ni a bayan kicin, ya ba ni labari. Ya tsaya a kantin magani ya shiga karɓo mata maganinta, tana gyangyaɗi, ya bar mata sanyi a kunne. Ta farka ba ta gane motar ba, ta ja ƙofa ta ƙi buɗuwa, ta ɗauka sace ta aka yi. Sai ta ɗaga sandarta mai kan ƙarfe ta yi ta dukan gilashin tana ihu har ya tarwatse. Kafin la'asar ta manta an yi.

"Mansur shina zuwa jibi," in ji shi. "Gobe kaɗai gare ni."

Na ce, "Malam, ka ce dutse ne wata tifa ta harbo."

Ya kalle ni kamar na ce ya ci naman kare. "In yi mashi ƙarya? A'a. In na gyara, ai babu abin tambaya, balle amsa."

Ranar Juma'a da sassafe ya tafi Panteka, kasuwar tsofaffin kayan mota. Motar tsohuwar yayi ce, ya yi ta zagaya rumfunan masu kayan Beljiyam har rana ta take kafin ya sami gilashin da ya yi daidai da ƙofar, guda ɗaya tak. Ya dawo da shi a Keke Napep, naɗe cikin tsohon bargo, ya rungume shi. Da aka sauko daga masallaci ya mayar da motar ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya ce in ara masa kiret ɗin ƙwai.

Ban taɓa ganin cikin ƙofar mota ba sai ranar. Ya kwance sukurori ɗaya bayan ɗaya da sukundireba, kowane ya sa shi a ramin ƙwai bi da bi, don ya san wanda zai fara komawa. Ya zare mariƙin ƙofa, ya cire wayar maɓallin gilashi, ya sa faffaɗan ƙarfe naɗe da tsumma ya ɓamɓare murfin cikin ƙofar a hankali, yana sauraren kowane ƙas. A bayansa akwai leda manne, ya ɗaye ta bai yaga ba. Sannan ya zura hannu cikin ramin ƙofar ya fara kwaso ɓaraguzai. Nan ya fi daɗewa. Ya kwashe da hannu, ya share da burushi, ya bi robar bakin taga da tsinke, ya cire kujerar baya ya kakkaɓe, ya bi shimfiɗar ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Yatsunsa biyu suka yanke, ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba. Ya tara duka a leda ya ƙulle, ya ce zai jefar a bolar da ke can bakin titi. Na ce ya bar kaɗan mana, ko don shaida wata rana. Ya ce, "Don mi? Hajiya ta taka?"

Da aka zo sa gilashin ya ce in riƙe. Ya nuna mini yadda zan karkata shi, bakin gaba ya fara shiga, in sauke a hankali cikin robar har ya zauna a kan ƙarfen da ke ɗaga shi, shi kuma yana durƙushe yana lalubo ramukan noti. Ina riƙe da shi fuskata dab da kusurwa, sai na ga ɗan farin zane.

"Malam, wannan ba lambarmu ba ce."

Bai ɗago ba. "Na gani tun a can. Babu wani, Maman Grace. Na duba ko'ina."

"A goge ta mana."

"Ba ta goguwa. In aka kankare sai wurin ya yi hazo, ya fi wannan fitowa." Ya ɗaure notin farko. "Wa zai duƙa shina karatun kusurwar gilashi?"

Ya haɗa waya, ya danna maɓalli. Gilashin ya hau sumul, ya sauka sumul. Ya ƙara dannawa har sau biyar yana kasa kunne. Ya mayar da leda, ya mayar da murfi, kiret ɗin ƙwai ya koma fanko. Na ga murmushi a fuskarsa, abin da nake yin wata ban gani ba, ni ma sai na ji daɗi. Wauta ta kama mu mu biyu.

Mansur ya iso ranar Asabar, ya shiga motar ma suka je gaisuwa da Hajiya, bai ga komai ba. Ranar Lahadi na dawo daga coci na tarar da baƙo a tsakar gida, wani Nazifi dillalin motoci, abokin Mansur. Ashe Mansur ya yanke shawarar sayar da Marsandin ya sayo wa uwarsa sabuwa, ya kawo mutumin ya yi mata kuɗi. Shi kuwa dillali, duƙawa ya karanta kusurwar gilashi ai shi ne abincinsa. Ya zagaya sau ɗaya ya tsaya a ƙofar baya, ya ƙwanƙwasa da makulli.

"Wannan ba nata ba ne," in ji shi. Ya yi 'yar dariya. "Ka san halin direbobin gida. Sai su cire na asali su sayar, su liƙa maka na gwanjo. Bari mu duba sauran."

Ya duba kuwa. Madubin hagu babu lamba, Malam Lawan ya canza shi shekara uku da suka wuce da wani ɗan acaɓa ya karya. Fitilar baya ɗaya babu lamba. Ya buɗe gaban mota ya yi ta nuni da makulli, wannan ba na kamfani ba ne, wancan ma an taɓa. Duk abin da mutumin nan ya gyara da guminsa ya yi shiru, shekara da shekaru, ranar nan aka jera masa shi a matsayin kayan sata.

Malam Lawan yana bakin get a kan benci tare da masu gadi da direbobin maƙwabta. Mansur bai kira shi ciki ba. Can ya same shi. Yaron da ya tashi yana ce masa Baba Lawan ya tsaya a kansa ya ce, "Kai, ina gilashin motar nan na asali?"

Malam Lawan ya miƙe. "Ya hwashe, ranka ya daɗe."

"Yaushe? Wa ya fasa?"

"Tsautsayi ne."

"Tsautsayi. To ina ɓaraguzan? Nazifi ya duba cikin mota, ko ƙwaya ɗaya babu."

"Na zubar."

Wani direba ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Mansur ya shiga ya fito da Hajiya tana dogara sandarta, sandar nan dai. Ya ce, "Hajiya, gilashin motarki ya fashe a satin nan?" Ta dubi motar, ta dubi ɗanta da mamaki. Ta ce, "Gilashi? Ba abin da ya sami gilashina." Kuma ba ƙarya ta yi ba, iyakar abin da ta sani ke nan.

Ina tsaye a bakin ƙofa da kayan coci a jikina, magana ta cika mini baki. Malam Lawan ya dube ni sau ɗaya, ya girgiza kai kaɗan. Na haɗiye. Wannan shirun da na yi shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Mansur ya yi ta faɗa, muryarsa har gida na uku. Ya ce shekara nawa ana cin amanarsu, ya ce don uwarsa ta tsufa ne aka mayar da motar ubansa kasuwa. Ya ce darajar furfura ce kawai ta hana shi kiran hukuma. Ya karɓe makulli. Malam Lawan ya shiga ɗakin gadi ya ɗauko dardumarsa da butarsa da jakar kayan aikinsa. Mansur ya sa mai gadi ya zazzage jakar a ƙasa a gaban kowa. Sifanu ne da fulaya da sukundireba, duk nasa. Ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ya yi wa Hajiya sallama. Ta ce ya dawo da wuri, za su je asibiti.

Kafin sati ya zagayo labari ya gama layin, ya tsallaka Malali. Direbobin gida sun fi rediyo. Na ji ya je neman aiki gida biyu. A duka biyun an karɓe shi da fara'a saboda shekarunsa a kan sitiyari, aka ce ya dawo jibi, aka yi tambaya a kansa, da ya koma mai gadi ya ce masu gida ba sa nan.

Kusan wata guda na daure. Ba na iya cin abincin da na dafa. Ranar da Mansur ya sake zuwa na same shi a falo na durƙusa na gaya masa komai, kantin magani, sanda, makullin yara, kiret ɗin ƙwai, har ranar da Hajiya ta roƙe mu. Na ɗauka zai ce innalillahi, a kira Baba Lawan. Sai ya ce, "Wato uwata ba ta da lafiya fiye da shekara, ku biyu kuka ɓoye mini. Har kulle ta ake yi a mota." Idonsa ya kawo ruwa. Ba zan ce ba shi da gaskiya a nan ba. Uwarsa ce, kuma likita ya ce da an kawo ta da wuri da an rage mata wani abu. Wannan ma yana cina.

Amma na ce, "Ranka ya daɗe, ko ma mene ne laifinmu, mutumin nan bai yi sata ba. A bakin get ka faɗa. Ka fita bakin get ka janye."

Ya ce zai kira shi a waya. Ya ƙara da cewa kada in kuskura in fita ina tallar ciwon uwarsa a layi, masu gadi su mayar da ita abin hira. To ta yaya zan wanke mutum ban faɗi wanda ya fasa gilashin ba? Zagin an yi shi da ƙarfi a titi, gaskiyar kuma an ce ta tsaya a falo. Cikin sati guda ya kwashe Hajiya zuwa Abuja. Ta riƙe ƙofar ɗakinta tana kuka sai da aka ɓamɓare yatsunta. Aka rufe gidan, Nazifi ya zo ya ja Marsandin.

Na nemi gidan Malam Lawan a Kawo wata Talata da hantsi. Matarsa Jamila ta shigar da ni. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, a lokacin da ya kamata a ce yana kan hanya. Ya rame. Muka gaisa, ya tambayi Grace da ƙannenta. Na tambaye shi ko Mansur ya kira, ya ce a'a, lafiya? Sai na gyara zama na ce na zo masa da albishir. Na ce na faɗa wa Mansur komai, yanzu ya san ba ka ɗauki ko allura ba.

Ban ga farin ciki a fuskarsa ba. Ya ce, "Kin hwaɗa mashi? Ina Hajiya?"

Na ce tana Abuja.

"Ta yarda ta tahi?"

Na girgiza kai. Ya gane. Ya daɗe yana kallon yatsunsa, inda gilashin ya yanke shi ya bar tabo.

"Wa ya aike ki, Maman Grace?" ya ce a hankali. "Ni da na san tana ɗakinta, ko mi suka kira ni ina iya barci. Ashe sunan ɓarawon ma a banza na ɗauke shi."

Na buɗe baki in ce don shi na yi, na ga babu amfani. Jamila ta kawo ruwa a kofi ta ajiye a gabana. Kafin in kai hannu ya juya ya dubi bango ya ce, "Jamila, raka baƙuwa ta hau mota."

Ta raka ni har bakin titi, ta juya ta koma gida.